Manhajar Akawu Ashafa

"A waya za ka rubuta wa manaja koke? Da wannan manhajar ta kyauta?" Ashafa akawu ya taɓe baki. "Haba Malam Abdulbaqi, ai wannan ta masu tallan atamfa ce."

Sinadarin jima ya ci hannayen ma'aikata a masana'antar fatarsu ta Challawa, amma duk wanda aka gano ya yi ƙorafi, kora ce. Abdulbaqi kuwa 'ya'ya bakwai gare shi.

"Kawo nan ka ga aikin masu ilimi," in ji Ashafa. Ya buɗe tasa manhajar mai tsada, ya buga koken, ya ƙawata shi, aka tura ba sa hannun kowa.

Ranar Litinin manaja ya tara ma'aikata. Abdulbaqi ya fara tunanin abin da zai faɗa a gida.

Manaja ya juyo musu da kwamfutarsa, ya nuna wani layi da yatsa.

"Ashafa, kana akawu guda ba ka san manhajarka na liƙa sunan mai ita a kowane fayil ba? Ajiye makullan ofis."