Fararen Tsakin Alhaji Na'Allah

"Kawar da jajayen nan, farare nake so," in ji Alhaji Na'Allah, yana ture kwalin 'yan tsakina da ƙafa.

Tsohon darakta ne da ya yi ritaya ya gina ƙaton gidan kaji a Kazaure. Ya zo wajena har Roni neman tsakin da za su yi masa ƙwai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ubansu ja ne, uwarsu fara. A irin wannan haɗin, launin tsako..."

"Ke ce za ki koya min kaji? Har ƙasar waje na je kwas. Farare su ne na Turawa. Jajayen nan na ƙauye ne, riƙe abinki."

Na matso masa da kwalin. Ya tsuguna da babbar rigarsa, ya tsince farare guda tamanin ɗaya bayan ɗaya.

Wata biyar yana ɗura musu abinci, yana nuna wa baƙi girman zankonsu. Rannan sai ga wayarsa.

"Zulaiha, kin cuce ni! Ko ƙwai ɗaya babu, sai cara!"

Na ce, "Maganar da ka katse min ke nan, Alhaji. A wannan haɗin, mata launin uba suke ɗaukowa, maza kuma na uwa. Da hannunka ka zaɓi zakaru tamanin, ko kuskure ɗaya ba ka yi ba."

Kafin ya kashe wayar, na ƙara da cewa:

"Af, jajayen ƙauyen sun fara ƙwai. Kiret nawa zan aiko wa Hajiyarka?"