Baduku da Sauran Kafso

Na ga ka tura kwalin maganinka bayan rediyo, wai ka ji sauƙi. To, ɗauko shi ka ajiye nan gabana, ka zauna in ba ka wani misali. Ba na son ba da shi, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

An yi wani baduku a tsohuwar unguwarmu, mai hannu ƙwarai. In ya ɗinka kuben wuƙa ko tumtum, matashin jingina na jar fata, sai ka yi ta juya shi kana neman inda zare ya bi ba ka gani ba. Wata rana yana huda fata mai kauri, basilla ta zame ta shige masa gindin babban yatsan hannun dama. Ya tsotse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aikinsa, don sukar basilla ba baƙuwar baduku ba ce. Kafin kasuwa ta kewayo hannu ya kumbura suntum, yana zogi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti. Likita ya tsaga wurin ya matse mugunya, ya rubuta masa kafso irin mai kashe ƙwayoyin cuta, ya kuma ja masa kunne: a sha a kan lokaci, a shanye duka ko da ciwon ya yi kamar ya tafi, kada a ba kowa. Baduku ya ce ya ji. Ya kuwa riƙa sha da gaskiya, har kumburi ya sauka, zazzaɓi ya sake shi, ya fara motsa yatsan yana murmushi. Magani bai fi rabi aka sha ba.

Ana nan sai tsohon da ya koya masa dukanci ya zo dubiya, yana dogara sanda. Shi ne ya fara ɗora masa basilla a hannu, shi ne kuma ya tsaya masa a wurin aure. Ya kama hannun ya juya, ya ce, "Kai, wannan magani da ƙarfi yake. Ni kuwa gwiwoyin nan sun hana ni ko ruku'u." Bai roƙa ba, Allah shaida. Amma ka san halinmu na kara, babba ba ya yaba abinka ka bar shi ya tashi hannu rabbana. Baduku ya tuna da maganar likita sarai, sai dai likita yana can cikin gari, tsoho kuwa ga shi zaune a kan tabarmarsa. Ya ƙulle sauran kafson a takarda ya zura masa a aljihu kamar yadda ake ba da goro. Tsoho ya sa masa albarka ya tafi.

Baduku ya koma rumfa. Ba a jima ba zogi ya dawo, wannan karon can ciki, kamar ana ƙwanƙwasa ƙashi. Ya ƙi komawa asibiti, don da wane ido zai dubi likita ya ce ya yi kyauta da magani? Ya yi ta ɓoye hannu a cikin riga, sai da wari ya tona masa asiri. Da aka mayar da shi asibiti aka sake ba shi irin maganin farko, ko gezau ciwon bai yi ba. Likita ya ce wancan karon maganin ya kashe raunanan ƙwayoyin ne, masu taurin kan kuwa ya fara galabaitar da su aka janye shi, suka farfaɗo, suka ci har ƙashi. Aka yi allurai, aka yi doguwar jinya. A ƙarshe, don a ceci hannun, aka yanke babban yatsan. Kai ma ka sani, ba a riƙe basilla da yatsu huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ciwon tsohon sanyin ƙashi ne na tsufa, babu ruwansa da irin wannan magani. Kaɗan ya sha, cikinsa ya ruɗe da gudawa, ya ajiye sauran a kan katanga, rana da ruwa suka lalata shi. Da labari ya kai masa, sai ya riƙa jan ƙafa yana zuwa ƙofar gidan baduku, ya zauna a dakali, ya kasa yin sallama. Yana cewa da masu wucewa shi ya raini hannun nan, shi kuma ya yanke shi. Baduku bai taɓa ɗora masa laifi ba, ko sau ɗaya. Yakan fito ya zauna kusa da shi, hannu naɗe cikin riga. Da wannan baƙin cikin tsohon ya koma ga Mahaliccinsa. Shi kuwa baduku, har ya bar unguwar yana tsare wa waɗansu rumfa ne, yana sayar da ɗinkin yaran da a da ko zare ba su isa su miƙo masa ba.

Don haka ɗebo ruwa ka sha na yanzu ina kallo, na gobe ma haka, har ka kai inda likita ya ce ka tsaya. In wani ya yaba, ka nuna masa hanyar asibiti. Sauƙin da kake ji ba warkewa ba ne tukuna, irinsa ne Hausawa ke cewa, an kashe maciji ba a sare kansa ba.