Babban Yatsan Dama

Ƙawata, bar wankin kofunan nan ki matso kusa, in zuba miki shayi.

Wata Talata da hantsi, a Muncar, garin masunta da ke tsibirin Jawa, injin rufe gwangwanin kifi ya cinye wa wata mata yatsu biyu na hannun dama, babba da manuni. A masana'antar, da sunan Wartini ake kiranta. 'Yar aikin wucin gadi ce, cikin matan da ɗan kwangila ke kwasowa a bayan mota idan jirage sun shigo da kifi, ya sallame su idan teku ta yi rowa. An tsayar da injin na minti goma, aka wanke shi, aka ci gaba da aiki.

Masana'anta ta ce ba ma'aikaciyarta ba ce, ta Pak Kasdi ɗan kwangila ce. Pak Kasdi ya ce shi mota gare shi, ba shi da inji. Wata huɗu ana wannan turereniya. Hannu ya warke a dunƙule, ba ya riƙe wuƙa, ko tasbaha sai da hagu. Ga miji a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. In diyya ba ta fito ba, gidan nan ba mai sake ɗora tukunya.

Ƙanwarta ce ta ji a rediyo wai an gyara doka. Ta je ofishin ƙwadago, ta tsaya gaban takardar da aka manna a bango. Ba ta yi boko ba, a littattafan 'ya'yanta ta tsinci karatu, don haka harafi-harafi ta bi layin da babban yatsanta har ta kai ƙarshe. Dokar ta ce wanda aka ji rauni a injinsa shi zai biya, ko da aikin kwana ɗaya aka yi masa.

Ranar zama suka je tare. Bu Endah ce mai sasantawa, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci. Masana'anta ta turo lauya daga birnin Surabaya, Pak Gunarso, yana ta ƙamshin turare a garin da kowa ke ƙarnin kifi.

"Wartini!"

Ƙanwar ta ɗago kai. Sai ta zunguri ta kusa da ita. "Yaya, ke ake kira."

"Tun ƙarar injin nan kunnena ya yi nauyi," in ji yayar, ta miƙe.

Lauya bai yi musu da sabuwar doka ba. Ya ce masana'anta za ta biya, amma wadda sunanta ke rajista za ta biya, ba duk wadda ta shigo da hannu a naɗe ba. Ya ɗaga takarda, ya dubi matar.

"Nan an rubuta shekara talatin da shida. Inna, ke kuwa ai kin kusa haifata."

"Yanka kifi shekara guda, ɗan nan, sannan ka zo mu ga taka fuskar."

Aka duba hoton da ke jikin takardar. An yi kwafinsa har ya gaji, baƙin dunƙule ne kawai cikin hijabi. Ya yi kama da kowace mace a Jawa.

Aka tambayi Pak Kasdi ko ya san ta. Ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, mata ɗari uku ne, kowacce da hula da takunkumi. Ni idanu kawai nake gani. Abin da na sani, ba na ɗaukar wadda ta haura arba'in. Wannan ko uwata ce."

Lauya ya yi murmushi, da ma nan yake jira. Ya buɗe jaka ya fito da 'yar tawadar dangwale, sabuwa fil, ya ajiye a tsakiyar tebur. Ya nuna ƙasan takardar, inda zanen yatsa ya fito raɗau.

"Ranar rajista an dangwala babban yatsan dama. A sake dangwalawa yanzu mu gwada. Shi yatsa ba ya ƙarya."

Ƙanwar ta ja hannayenta cikin hijabi, leɓɓanta na motsi.

Yayar ba ta yi gaggawa ba. Ta warware tsumman da ke hannunta zagaye bayan zagaye, ta ninke shi, ta ɗora hannun a gefen tawadar. Yatsu uku da tabo.

"Yana wajenku," ta ce. "Ku duba gwangwanayen ranar Talata."

Lauya ya dubi ɗaya hannun. "To... na hagun fa?"

"Na hagu ba ya cikin takarda," in ji Bu Endah. Ta dubi hannun. Ta leƙo ta saman tabarau ta dubi ƙanwar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta gyara tabarau ta sa hannu.

Diyya ta fito kafin azumi. Yanzu matar na soya tempe, wainar waken suya, a ƙofar gida da hannun hagu, maigidan na shan magani a kan kari. Lauyan ya manta tawadarsa a kan tebur.

Ni dai kullum bayan sallar asuba sai na yi istigfari a kan zaman nan, don ban san a wane ɓangaren ma'auni za a sa shi ba. Sunan Yaya na yanka Katemi, shekarunta arba'in da tara, shi ya sa da sunan aro ta shiga aiki. Ki yi wa Allah, ƙawata, kada ki gaya wa kowa: Wartini ni ce, yatsan da lauyan ya zo nema kuma shi ne wannan da ke riƙe da butar shayinki.