Mai Surfani da Tabarau na Aro

Tunda ka ce daga ranar da aka yi maka aikin idon nan kai da tabarau sai a lahira, to gyara zama ka ji.

An yi wani mai surfanin manyan riguna a bakin kasuwa, ya ba hamsin baya, tun yana saurayi ba ya ganin nesa sai da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya je aka yi masa aikin ido da na'urar leza, aiki kuwa ya yi kyau. Da za a sallame shi, likita ta miƙa masa ɗan tabarau na karatu, ta ce, "Baba, ganin nesa muka gyara. Na kusa shekaru ne suka rage shi, in za ka yi ɗinki sai da wannan." Ya karɓa don kunya, yana fitowa ya ba mai gadi kyauta. Ya dawo kasuwa yana karanta wa mutane lambar motocin tsallaken titi, ba wanda ya tambaye shi.

Akwai rigar wani ango a hannunsa, ɗaurin aure ranar Juma'a. Ya ɗauki allura, ya nemi kafarta ya rasa. Sayen sabon tabarau ba wuya, amma da wane ido zai dubi mutanen da ya cika wa baki? Sai ya koma aron na maƙwabcinsa mai gyaran agogo, wai kafin ido ya gama warkewa. Da ya soma jan zare sai a kawo agogo, mai tabarau ya miƙo hannu a ba shi abinsa. Haka aka kwana huɗu, aikin wuni guda bai ƙare ba. Ranar Alhamis kawun ango ya zo ya tarar da rabin ƙirji babu zare, ya naɗe rigar ya tafi da ita. Shekara talatin ba a taɓa karɓe aiki daga hannunsa ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Daga inda yake zaune ya hango kawun can ƙarshen layi yana shiga rumfar wani mai surfanin, tar yake ganinsa, har zanen hularsa.

Ka je a yi maka, ban hana ka ba. Amma in likita ta miƙo ɗan tabarau, ka sa a aljihu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.