Zabiyar da Ta Zo da Masaki

Ke, share hawayen nan ki saurara, ba a kanki aka fara rashi ba. An yi wata zabiya mai murya siririya kamar zare, wadda in ta ɗaga waƙa a gidan biki sai masu wanki a rafi su tsaya da sabulu a hannu. Da muryar nan take ci, da ita take sha. Sai ciwon mara ya kama ta, da zubar jini da ya ƙi tsayawa, har tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya nuna mata wata ƙwaya, bai kuwa ɓoye mata ba: ya ce tana ɗauke da irin sinadarin nan da ke fasa muryar ɗa namiji in ya balaga, tata ma tana iya yin kauri, in ta yi kuma ba lallai ta dawo ba. Ta dubi hannunta ta ce, "Likita, gawa ba ta waƙa. Miƙo." Jini ya tsaya, jiki ya dawo. Murya kuwa ta gangara ƙasa ta yi zamanta. Ta sha zuma, ta sha citta da kanumfari, ta rabu da ruwan randa, duk a banza, don abin ba mura ba ne. Bikin farko da ta je, 'yan amshinta suka kaɗa ƙananan ƙorensu yadda suka saba, ta miƙa wuya za ta kamo waƙar a sama, muryar ta karye kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Wata mai bakin tsiya ta ce, "Ku ja mayafi, gardi ya shigo mana cikin mata!" Aka kwashe da dariya. Daga ranar goron gayyata ya daina zuwa ƙofarta.

Wata dattijuwa ce kaɗai ta aiko mata, za ta aurar da jika, ko don kunyar tsohon zumunci. Zabiya ta san in ta sake karyewa a nan, waƙa ta ƙare mata. Ana gobe biki tana wanke-wanke, ta kifa babban masakin da ake dama fura a kan ruwan baho, ludayi ya faɗo masa a baya. Ya amsa da wani amo mai zurfi, dum. Ta sake bugawa, ta bi shi da maƙogwaro, sai ga murya ta zauna daram kamar tukunya a kan murhu. Ashe ba muryar ta rasa ba, ƙananan ƙoren ne ke ta kiranta gidan da ta riga ta tashi. Washegari ta shigo da masaki a ka. 'Yan amshi suka ce, "Inna, fura za mu dama?" Ta ce, "Ku kifa shi a ruwa, ku sassauta hannu." Ta ɗauko waƙar daga ƙasa, a hankali, har mata suka riƙa jin ta a ƙirji kafin ta kai kunne, 'yan amshi na yawo a samanta da siraran muryoyinsu. Tsofaffin da suka yi sallama da rawa suka miƙe. Mai bakin tsiyar nan ta taka har ɗankwalinta ya faɗi, zabiya kuwa ta tsaya a kanta ta saka ta a waƙa: gardi ya zo, wa ya ja mayafi? Kafin a kai amarya, gida uku sun ajiye mata goro.

To kin ji. Ba ta zauna tana makokin tsohuwar murya ba, ta nemo ƙwaryar da ta dace da sabuwar. Dama Hausawa sun faɗa: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.