Marin Ceton Rai

Marin farko ya sauka a kuncin Farfesa da ƙarfe goma na safe, har tabaraunsa ya yi tsalle ya faɗa kwandon shara.

Mai marin kuwa Uwar Sauro ce, wadda ta shekara ashirin a ɗakin binciken tana ware sauro mata da maza. Matan ake sakawa a keji, don su ke cizo, su ke ɗaukar cuta. Mazan, masu gashin baki buzu-buzu, ba su iya komai ba sai kuka da shan ruwan sukari. A kwalba take tara su, a zubar.

Ita ta gano sabuwar ƙwayar cuta a sauron keji na bakwai, mai kashe ɓeran gwaji cikin kwana uku, wadda aka duba duk dangogin cututtuka aka rasa inda za a jingina ta. Amma da aka tsara takardar sanarwa jiya, sunan Farfesa ne a sama, sai na ƙanin matarsa, wanda iyakar saninsa da sauro shi ne kunna masa maganin hayaƙi. Nata ko alama.

"Kar ka motsa, ranka ya daɗe!" in ji ta. "Sauro ne a kuncinka, na keji na bakwai!"

Sauron ya tashi ya koma ƙeya, ta bi shi da farantin ƙarfe. Ya sauka a hanci, ta kai naushi, haɓo ya ɓalle. Ma'aikata suka yi ta kansu. Farfesa yana birgima a ƙasa yana ihu: "Ƙara, baiwar Allah! Kar ki tausaya min!"

Ba ta tausaya ba. A mari na tara haƙori ɗaya ya fice, sauron ya mutu a tafin hannunta.

Aka duba jikin Farfesa kaf, babu cizo ko ɗaya. Da kumburarren baki da hawayen godiya ya ce a kawo takardar. Ya soke sunan malalacin ƙanin matar tasa, ya rubuta nata a sama da nasa.

Da ɗaki ya watse, ta ƙirga 'yan keji na bakwai: arba'in cif, kamar jiya. Ta kalli gawar da ke tafinta da gashin bakinsa buzu-buzu, ta ce, "Ka yafe ni, maigida," sannan ta mayar da murfin kwalbar maza.