Labulen da Bai Kai Ƙasa Ba

Labulen ɗakin shari'a bai kai ƙasa ba, saura kamar taƙi guda. Gwamna ne ya sa aka rataya shi, wai don kada alƙali ya ga fuskar kowa balle ya yi son kai. Masu shari'a su tuɓe takalma su tsaya shiru, magatakarda ya faɗi bayanin kowa. Har aika gwamna ya yi wa ubangidansa, mai ƙasar, yana cika baki cewa ya gyara kotu.

Gyaran banza! Alƙalin da ya zaɓo tsoho ne mai nauyin kunne, kuma magana ɗaya ya gaya masa: "Baba, kai dai dubi ƙasa." Ƙafa mai faso ta manomi ce, ita ke faɗuwa. Mai sulɓi ta mutanen gwamna ce, waɗanda yake turawa su tsaya a madadinsa.

Ba wanda ya kai gwamna ƙyamar manoma, ko gaisuwarsu da yatsine yake amsawa. Mutum ne mai iyayi, kullum cikin safa ko ana zafi kamar a mutu. Ushirar hatsi kuwa sau biyu yake karɓa, a gona da bakin rumbu. Wanda ya yi ƙorafi ya je gaban labule, ya dawo ba gona.

Ran nan mai ƙasa ya zo ganin gyaran da ake ta kururutawa. Ya tarar da wani mutum ya kawo ƙarar gwamna kan gonar gadonsu, wadda ke ci da uwarsa da ƙannensa. Mai ƙasa ya ce wanda aka kama da ƙarya zai sha bulala a bainar jama'a, a ƙwace abin hannunsa.

Alƙali bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya sunkuya ya leƙa. A dama ƙafa sumul. A hagu diddige duk ya tsattsage, irin na wanda ya tashi yana bin kunya da fartanya.

Ya gyara murya. "Na hagu maƙaryaci ne, ɓarawon hatsi. A kwantar da shi!"

Ashe mai ƙarar tela ne, bai taɓa noma ba, kuma ranar mai ƙasa ya hana wakilci, ya ce gwamna ya tuɓe har safa ya tsaya da kansa, shi ne a hagu.